Soson Wandon Baban Ummi

Allah ya sani, tausayi ne ya ja ni. Ana gobe Baban Ummi, maigidana, zai zagaya duwatsun garin Hatta, can wajen Dubai, a keke da abokansa, na ga an ɗinke wani soso a mazaunin sabon wandonsa. Na ce, a zafin Dubai wa zai zauna kan katifa? Na sa reza na farke shi tas, ina jiran godiya.

Bayan la'asar ya dawo yana tafiya kamar ɗan kaciya. Kwana uku a tsaye yake cin tuwo, zaman tahiya ma sai da dabara.

Har yau in abokan sun zo sai su ce, "Hajiya, yalla, maza kawo wa Alhaji matashi, in ba ki farke ba."