Ƙeyar da Na Ɗauko wa Mama

Ranar da za a yaye ƙanwata Rifkatu daga makarantar nas, ni da bakina na hana a kira mai hoto. Na sayi sabuwar kyamara mai filasha a jiki, har na ce wa dangi kowa ya mayar da wayarsa aljihu.

"Ka tabbata dai?" in ji Mama ta waya. Ciwon ƙafa ya hana ta zuwa daga Sunkani, hoton kawai take jira.

"Haba Mama, wannan wutar ko cikin rijiya tana gani."

A layin baya na samu kujera. Ana fara kiran sunaye aka ɗauke wuta, zauren ya yi duhu. Ko a jikina. Da aka kira Rifkatu na miƙe na yi ta ƙyasta filasha, mutane suna waiwaye, ni kuwa ina jin kaina gwani. Ko dubawa ban yi ba.

Ashe hasken bai wuce taku uku ba. A gaban Mama muka buɗe hotunan. Duhu ne baƙi ƙirin, sai ƙeyar wani dattijo mai sanƙo tana ƙyalli da gumi.

Mama ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ina 'yata?"

Rifkatu ba ta yi faɗa ba. Wanke hoton ta yi, ta rataye a falonta a Nukkai. Shekara huɗu ke nan, duk baƙon da ya tambaya ina wurin sai ta ce, "Ni ce, ranar da na gama makaranta. Yayana ne ya ɗauka, ga shi nan zaune."