Kwana Nawa Sabulu Ke Yi a Siton Kaka

"Sannu da hutawa, tsohuwa. Ya ƙafa? Ya rowa?"

"Rowar a wurinka na koya. Shigo, mijin da bai san hanyar cefane ba."

Kaka na zaune a bakin sitonta, ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo a kan benci. Shekara talatin da biyar ke nan tana sarin sabulu daga kamfani tana rarraba wa masu shaguna, kuma ko a mafarki ba ta taɓa yarda wani ya fi ta sanin harkar ba. Da gwiwa ta matsa mata, sai ta damƙa wa jikanta ragamar siton na wata uku, da sharaɗin in bai nuna mata ci gaba ba, ya tattara kwamfutarsa ya san inda ya nufa. Yau wa'adin ya cika. Shi kuwa gogan, aikin ofis ya ajiye saboda wannan sito, ga shi ya shigo yana taku ɗai-ɗai kamar shi ya gina wurin.

"To maigida, karanto ƙaryar taka, ina jin ka."

"Da na karɓa, kwalin sabulu sai ya kwana saba'in a nan kafin ya fita. Yanzu kwana ashirin da biyu."

"Sai aka yi yaya? Haya yake biyan ka da za ka kore shi?"

"Ai ke kike biyan masa hayar! Duk kwalin da ya yi kwantai, jarinki ne yake minshari. A shekara sau biyar kuɗinki ke juyawa. A wannan tafiyar zai juya sau goma sha shida."

"Sha shida! Ko fanka ce?"

"Masu shaguna kuma, da sai sun yi wata biyu suna ja miki rai. Yanzu kwana goma sun biya, kamfani kuwa sai kwana arba'in yake neman nasa. Kin ga da kuɗin kamfani muke kasuwar, ba da naki ba."

"Ka koya wa abokan cinikina tsoro dai. Wa zai ga wannan goshin naka a bakin shagonsa bai biya ba?"

"Goshin gado ne, kowa ya san inda na samo shi."

Ta yi tsaki ta kau da kai, don kada ya ga bakinta yana neman tona mata asiri. Can cikin ranta daɗi ne ya cika ta fal. Wannan yaron da ta goya har ya lalata mata zannuwa, yau shi ke zaro lissafi haka babu gargada! Amma ta fi ƙarfin ta faɗa da arha.

"Kuɗin mota fa? Can nake jiran ka."

"Na haɗa lodinmu da na mai kayan shayi, mota ɗaya take kwaso mu. Kuɗin dakon kowane kwali ya ragu da kashi ɗaya cikin uku."

"Ni dai ma'aunina ido ne. A zamanina kaya har rufi suke taɓawa, sai an yi gefe-gefe ake wucewa. Kai kuwa ka rarake min sito kamar an yi gwanjo."

"Yauwa, gara da kika kawo maganar ido. Akwai abin da ya ɗaure min kai. Takardata ta ce kwali ɗari uku ne a nan, idona kuma yana ganin ɗari biyar."

Kaka ta zabura. Ta ga ya nufi jerin kwalayen da ke bakin ƙofa, waɗanda aka tsara har sama suna kallon titi.

"Kai! Matsa daga nan, za su faɗo maka!"

"Ina ruwanki? In na mutu ki huta da ciyar da miji."

Ya sa yatsa ɗaya ya tura. Jerin ya rushe gaba ɗaya, kwalaye suka tarwatse a tsakar sito ba nauyi ba ƙara, ɗaya ma har ya gangara ya tsaya a ƙafarta. Babu ko gutsuren sabulu a cikinsu.

"Ikon Allah! Tsohuwa, yaushe kika fara sarin iska?"

"Rufe min baki! Mai tayoyin can ne ya leƙo kwanaki, ya ce wai ko na karye ne. Ni! A layin nan da aka san sitona ba ya ganin ƙasa! Shi ne na sa aka sayo min su ranar da ka tafi kamfani, aka liƙe bakinsu."

"Sayo su kika yi? Da kuɗi? To a wane shafi zan rubuta su?"

"Rubuta: rufin asirin kakarka."

"Ribarsa nawa a wata?"

"Wannan ba ya shiga kwamfutarka, ɗan nema."

Ya durƙusa yana tattara kwalayen, dariya ta hana shi miƙewa. Ta daure, ta daure, ita ma ta fashe har da hawaye.

"To hukunci fa?" in ji shi. Wannan karon muryarsa ba wasa a ciki.

Ta share ido da gefen mayafi. "Shekaranjiya manajan kamfani ya kira ni. Ya ce tun da yake, bai taɓa ganin na biya ana saura kwana biyar ba, wane ƙwararre na ɗauko? Na ce masa ba ɗauko shi na yi ba, ni na haifi ubansa." Ta kwance makullan daga bakin zaninta ta cilla masa. "Riƙe, maigida, sito naka ne. Amma maza mayar min da iskata yadda ka same ta, kafin mai tayoyi ya buɗe shago."