Rasuwar Janar, Sikelin Masarar San Lázaro

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ƙafar dama mai cike da kunya, ni Eleuterio Cruz, tsohon mai awo a rumbun gwamnati na San Lázaro ta jihar Oaxaca, a ƙasar nan tamu mai iyaka da Amurka, nake sanar da rasuwar abokin aikina, sikelin ƙarfen nan da kowa ya sani da Janar. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara arba'in da ɗaya.

Gwamnati ce ta haife shi, zamanin da take sayen masararmu da kanta. Marigayi mai gaskiya ne, sai fa in bazawara mai marayu ce ta kawo buhu. A nan nakan ɗora ƙafa a gefe, shi kuma ya ce "ƙiii, kwas", ya ƙara kilo uku. Bai taɓa tona ni ba.

Ciwonsa ya faro ne ranar da wasu masu kwat suka zo daga birni da albishir: gwamnati ta tuba da sayen masara, kasuwar duniya ce za ta riƙe mu. Ta kuwa riƙe mu, a maƙogwaro. Masarar Amurka ta shigo da arha, mai noma tasa ya zama abin dariya. Aka rufe rumbu, aka manta da Janar, na kai shi gida a kan jaki.

Ya koma auna aladu da jarirai, daga baya sai jakunkunan masu tafiya Amurka, don mai ƙetarar da su ba ya yarda jaka ta wuce kilo goma. Rabin garin nan ta kansa suka bi.

Ranar Talatar nan, 'yata Herlinda ta ɗora tata jakar, ita kaɗai ta rage mini. Na ɗora ƙafa. Kilo sha biyar. Ta cire takalma daga jakar, na ƙara dannawa. Ta cire bargo. Nufina ta yi ta cirewa har motar ƙarfe goma ta wuce. Janar ya ce "ƙiii", bai kai ga "kwas" ba, wani abu ya karye a cikinsa.

"Baba, ɗauke ƙafarka," in ji ta. "Tun ina shekara shida nake ganinta."

Ta samu motar. Bargon yana nan, kuma an ce hamadar da za su ratsa akwai sanyi.

Marigayi ya bar duwatsun awo huɗu, da gonakin da ciyawa ta gada, da ni. Gwamnati ba ta aiko da ta'aziyya ba, wataƙila ta sayar da sashen ta'aziyyar ma.

Jana'iza ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Mai gwangwan ne zai ɗauke shi, kuma da nasa sikelin zai auna shi, Allah ya isa tun yanzu. Ya ce Amurka ake kai ƙarfen, shi ƙarfe ba a tambayarsa takarda a kan iyaka. Saboda haka kada kowa ya kawo likkafani. Da bargon Herlinda zan naɗe shi.