Sunan Malama Rifkatu a Shafin Godiya

Ba zan taɓa mantawa da walimar da aka yi mini a Kudan ba, ko da kuwa na so in manta. Bayan dogon yajin aikin nan na malaman jami'a ne, wanda ya zaunar da mu a gida har aka yi shuka aka yi girbi. Da aka koma na kammala digirina na biyu a Zariya, aka ɗaure mini kundin bincikena da baƙin bango da rubutun ruwan zinare, na taho da shi gida a rungume kamar jariri. Ni ce mace ta farko a zuriyarmu da ta kai nan, kuma (Allah ya yafe mini) ban bar kowa ya manta da hakan ba.

Mahaifina malamin allo ne, manomin rake. A hannunsa na koyi ajami, har na kai shekara goma sha ɗaya ban san harafin boko ko ɗaya ba. Wadda ta koya mini ita ce maƙwabciyarmu Malama Rifkatu, Kirista daga kudancin Kaduna da aikin koyarwa ya kawo garinmu, ta zauna har ta yi ritaya. Ita ke zaunar da ni a ƙofar ɗakinta da yamma, tana tsince wake tana ba ni karatu. Ita ce kuma ta yi ta sintiri wurin Baba har ya yarda aka sa ni firamare.

Ranar walima bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi, maza daga bakin zaure, mata daga tsakar gida, ni a tsakiya cikin rigar digiri da hularta ina zufa. An ci waina, an sha zoɓo, an yi addu'a. Sai Baba ya yi gyaran murya.

"A gidan nan ba mu cewa mutum ya sauke karatu sai mun ji ya karanta. Ɗauko littafin."

Haka ake yi wa ɗalibansa ranar sauka, kuma bai ga dalilin da zai sa jami'a ta fi ƙarfin wannan ƙa'ida ba. Ya karɓi kundin ya buɗe ta dama, kamar yadda ya saba buɗe nasa littattafan, na juya masa shi a hankali. Na duba abin da zan iya mayarwa Hausa ba tare da na kunyata ba, sai na zaɓi shafin godiya.

Na fara. Na gode wa Allah, na gode wa iyayena, da malamin da ya duba aikina, da shugaban sashe, da ƙawayena na ɗakin kwana. Har mai shagon fotokwafi na bakin ƙofar makaranta ya samu layi biyu. Ina cikin haka na ɗaga kai, sai ga Malama Rifkatu a gaban mata, ta ɗaura sabon zane, ta karkato kunne tana murmushi. Na mayar da ido kan takarda. Na bi shafin daga sama har ƙasa. Babu sunanta.

Abin da ya kamata in yi daban, abin da na yi daban. Na daidaita murya na ce, "Sannan godiya ta musamman ga uwata, Malama Rifkatu, wadda ta fara ɗora ni a kan karatun boko."

Mata suka rangaɗa guɗa. Na ce a raina na tsira.

"Miƙo mini in gani, 'yata," in ji Malama, tana lalubo tabarau a jaka. "Tun da nake ban taɓa ganin sunana a littafi ba."

Jama'a, a cikin matan nan kaf ita kaɗai ke karanta Turanci, kuma ni na fi kowa sanin haka. Na miƙa mata. Ta ɗora yatsa tana bin layi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take bin aikin gida. Ta kai ƙarshe, ta juya bayan shafin, ta dawo. Goggona ta leƙo ta kafaɗarta.

"Ina wurin yake, Malama? Nuna mana mu ma mu sa albarka."

Malama ta dangwala yatsa a kan wani layi ta ce, "Ga shi nan." Daga inda nake ina hango wurin. Sunan mai fotokwafi ne. Goggo ta shafa shi, ta shafa a fuska.

Kwana uku ina zagayawa ta bayan injin niƙa don kada in bi ta ƙofarta. A na huɗu Baba ya kira ni zaure.

"Shekara arba'in ina sauraron masu karatu," ya ce, bai ko dube ni ba. "Na san wanda ke karantawa, na san wanda ke cikawa da ka. Da kika zo sunanta idonki ba ya kan takarda. Tashi ki je."

Ran Lahadi ce, na jira ta taso daga coci. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi ƙafarta, na tambayi jikokinta, na sake tambayar ƙafar. Da gaisuwa ta ƙare mini sai na ce, "Mama, na yi ƙarya, kuma na yi mantuwa. Ban san wadda ta fi muni ba."

"Mantuwar ce ta yi mini zafi," ta ce. "Ƙaryar kuwa kin tsara ta da kyau, har na so a ce gaskiya ce." Ta tura mini kujera 'yar tsuguno. "Kin zo da littafin?"

Na fito da shi.

"Da biro za ki rubuta, ba fensir ba. Shi mai fotokwafin layi nawa ya samu?"

"Biyu, Mama."

"To, ki san abin da kike ciki."

Na cika abin da ya rage a shafin, na gangara gefe. Ta karɓa ta karanta a bayyane, sannu a hankali, ta tsaya sau ɗaya ta goge tabarau da bakin zane. Sannan ta ce rubutuna ya lalace tun da na shiga jami'a, ta zuba mini kunu, ta ce, "Shi ke nan, mun rabu lafiya."

Yanzu duk ɗalibar da ta kawo mini kundinta, shafin godiya nake fara buɗewa in tambaye ta wa ya koya mata harafin farko. Ni kuma na ɗauki darasina: in har za ka karanta abin da ba a rubuta ba, kada ka yi a gaban mutum biyun da suka koya maka karatu.