Yadda Za Ka Lissafa Tsamin Ruwan Kifin Surukinka

Ka gaya wa Alhaji Sheshi na Tagwai cewa kimiyya ka karanta a jami'ar da ke Bosso, alhali shagon cajin waya kake da shi a bakin get. Yanzu tarwaɗarsa sun daina cin abinci, kuma 'yarsa Muniratu kake nema. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin za a sa rana.

1. Kada ka yi saurin amsawa. Zai miƙo maka wayarsa ya ce, "Ɗana, masu gwajin ruwa sun turo wai yawan haidurojin 1 × 10⁻⁵. Me ke nan?" Dubi wayar, dubi ruwan, ka ce "Hmm." Mai ilimi ba ya magana kafin ya yi nishi.

2. Ɗauko 'yar lambar da ke kan goma. Ma'aunin tsami, wato pH, lissafin log ne na yawan haidurojin ɗin, a juya alamarsa. A taƙaice, yar da alamar debewa, ka riƙe biyar. Ka ce, "Baba, pH biyar ne," da muryar likita.

3. Ka san gabas da yamma. Bakwai ne tsakiya. Duk abin da ya gaza bakwai tsami ne, kuma ƙaramar lamba ta fi tsami. Nan abokina Gideon ya faɗi a gidan nasa surukan. Ya ce, "Biyar ai kaɗan ne, a ƙara tsami." Aka matse lemon tsami buhu guda. Washegari unguwa ta sha farfesu, shi kuma har yau gwauro ne.

4. In lambar gaba ba ɗaya ba ce, misali 3.2 × 10⁻⁵, ka ce za ka kama ruwa. A bayan gida ka danna kalkuleta, zai ba ka 4.5. In ka rikice, kira Muniratu. Ita da gaske take zuwa aji.

5. Ba da shawara, ka ja da baya. "A zuba farar ƙasa kaɗan, Baba." In ya ce nawa ne kaɗan, ka ce lokacin salla ya yi.

Gargaɗi: ko kifi ya mutu, ko aure ya mutu, ba ruwana. Ni ma facin taya nake yi a Maikunkele.