Aguwar Ƙofar Gidanmu

Duk yawan mantuwata, ba zan taɓa mantawa da bazarar da na ce sai na ƙawata ƙofar gidanmu da tsirrai ba. Har yau in aka ɗauko zancen, tashi nake in ba mutane wuri.

Ni malamin aikin gona ne a wata sakandare a Kano (ku riƙe wannan, don shi ya fi komai ciwo). A shekarar, Baba ya sha doguwar jinya a ƙauyenmu da ke kusa da Tsanyawa. Sauƙi ya samu, amma ya ƙi fita. Mutumin da tun hantsi yake kan dakali yana amsa gaisuwa, sai ga shi wata uku bai taka ƙofar gida ba. A asibiti an ce ya riƙa motsa ƙafa, in ba haka ba za ta sage. Ɗakinsa na jikin zaure, tagarsa na kallon hanya, amma ya sa an tura ta. In Inna ta ce ya fita ya sha iska, sai ya ce me zai gani, ƙasa ce da kashin awaki. Wannan magana ta tsaya mini a rai, don tsoro nake kada ya saba da kwanciyar. Da aka ba mu hutu na taho gida da niyyar in samar masa abin kallo.

Sai dai unguwarmu tana da doka a kan abin da mutum zai dasa a ƙofar gidansa, kuma mai unguwa, Malam Sabo, ba ya wasa da ita. Ba a dasa mai ƙaya, saboda ƙafafun masu wucewa. Ba a ɗibar ruwan famfon unguwa a ba tsiro da rani. Ba a cin hanya, dole amalanken shanu ta wuce ba ta goga ba. Babbar bishiya kuma sai maƙwabci ya yarda, don saiwa tana fasa katanga. Ya jero mini su a tsaye, ina ta gyaɗa kai irin na wanda ya san komai.

Na zauna da biro da takarda ina soke sunaye. Zogale, awaki za su gama da shi kafin la'asar. Mangwaro sai da ruwa. Darbejiya, maƙwabcinmu ya ce katangarsa bara ya yi mata yaɓe. Kyawawan tsirran nan na hamada da nake gani a waya, duk ƙaya ce a jikinsu. Da na ambaci tumfafiya, Inna ta ce in na dasa ta za a zaci gidan ya zama kango. Ƙarshe abu ɗaya ya rage, aguwa, wadda ake shingen gona da ita. Ba ƙaya, ba ruwanta da ban ruwa, dabba ba ta damu da ita ba, reshe kawai za ka kafa da rani ya kama. Ranar har yabon kaina na yi.

Da na tsaya a nan, da ba a samu labari ba. Amma ni ba shinge nake so ba, ado nake so, irin na hotunan waya. Saboda dokar hanya na auna fili siriri a gefen dakali, tsawonsa taku biyu, faɗinsa kamu biyu, ya bi katangarmu daga kudu zuwa arewa. Na tara ƙasa na yi masa tudu don kada ruwan damina ya kwanta. Na lallaɓe tudun da hannu ya yi sumul. Na samo fasassun tukwane na kewaye shi. Sannan na kafa reshen aguwa ɗaya a kai, ɗaya a ƙarshe, na ce sauran sai na ga yadda waɗannan suka yi. Har ruwan alwalata na yayyafa masa don ƙasar ta kwanta.

(Na san kun riga kun gane. Ni ban gane ba. Hoton waya ne a idona.)

Kwana biyu ina lura da jama'a daga cikin zaure. Mata in sun zo wurin sai su ja mayafi su ƙara sauri. Wani mai kai taki gona ya sauko daga jakinsa ya wuce a ƙasa. Malam Sabo ya zo ya daɗe yana kallo, ya buɗe baki ya rufe, sannan ya ce doka dai ban karya ba. Duk na ɗauka burgewa ce. Daga baya ya faɗa mini cewa nauyina suka ji, wai malami ne daga birni, ya san abin da yake yi. Shi kuwa Baba, na yi na yi ya leƙo ya ce sai gobe.

Rana ta uku ta zo daidai da kasuwar Tsanyawa, unguwa ta yi tsit. Da hantsi na ji babur ya tsaya ya sauke wani. Na leƙa na ga dattijo ya tsuguna a gaban aikina. Na gyara hula na fito da murmushi, bakina cike da bayani a kan tsirrai masu jure fari.

Malam Ilu ne, aminin Baba tun na ƙuruciya, wanda ke zaune a Kunci. Shekara tara ba sa ga maciji saboda wata kuka da ke kan iyakar gonakinsu, kowa ya ce tasa ce. Ashe ya ji labarin jinyar, ya yi ta jan ƙafa, sai ranar ya daure ya taho. Takalmansa na gefe, hannuwansa a sama, hawaye na bin gemunsa. Ya ga sabon tudu a ƙofar gidan majinyaci, unguwa ba kowa, ya ɗauka a nan Baba ya yi wasiyya a sa shi.

Sai a lokacin na dubi aikin nawa da idon mutanen garinmu. Tudu daga kudu zuwa arewa, fasassun tukwane, aguwa a kai da ƙafa, kamar yadda ake yi a maƙabartarmu da ke bayan gari. Kabari na gina, a ƙofar gidan mahaifina marar lafiya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ga shi kuwa har wurin na tanada.

Malam Ilu kuwa bai ma gan ni ba. Yana ta roƙa wa Baba gafara, yana faɗin yadda Baba ya goya shi daga gona ranar da kunama ta harbe shi suna samari. Sannan ya dafa ƙasar ya ce, "Na makara, Audu. Kukar taka ce, tun ranar na sani. Girman kai ne ya hana ni zuwa. Ka yafe mini."

Sai na ji ƙarar sanda a bayana. Baba ne, dafe da bangon zaure, yana jan ƙafa, ido a ƙanƙance saboda rana. Ta tagar nan da ya sa aka tura ya ji komai.

"Ba ka makara ba, Ilu," in ji shi. "Tashi ka kama ni, ƙafar ba ƙarfi."

Malam Ilu ya yi baya ya zauna daɓas yana salati. Ya dubi tudun, ya dubi Baba, ya dube ni. Da ƙyar na iya cewa lambu ne. Baba ya fara dariya, irin wadda rabonmu da ita tun kafin jinya, har sai da muka zaunar da shi a dakali. Ya ce shi kam ya gode mini, ba kowa ke jin addu'ar da za a yi masa da kunnensa ba, kuma Ilu ya iya. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa har azahar, suna kuka suna dariya. Ni ma na koma bayan ƙofa na share nawa hawayen, rabi na kunya, rabi na murna.

Kafin la'asar na baje tudun. Rassan biyu Baba ya hana a yar, ya sa na kafa su a jikin katanga, kuma sun kama. Tun daga ranar kullum yana kan dakali, wai yana duba lambunsa, duk wanda ya tsaya gaisuwa sai ya sha labari.

Yanzu in ina koyar da zaɓen tsiro, bayan ruwa da ƙasa da rana, nakan ce wa ɗalibai su tambayi inda mutanen gari suka saba ganinsa. In kuma na ga jama'a sun yi shiru a gaban aikina, na daina ɗauka burge su na yi.