Cikin da Lantana Ta Gina

"Lafiya lau, bawan Allah, lafiya lau. Amma wa kake nema a gidan nan?"

Haka Inna Lantana ta tari jikanta Hamza a ƙofar ɗakinta, ta kare ido da tafin hannu kamar mai hangen baƙo daga nesa, alhali ga shi tsaye a gabanta. Ta gane shi sarai. Yana goye mahaifiyarsa ta rasu, ita ta raine shi a wannan ƙauye na kwarin Tarka, da furarta da man shanunta, har ya zama ƙaton dillalin dabbobi a Tanut. Ƙibarsa ta wuce misali, ciwon suga ya shigo, gwiwoyi suka ƙi ɗaukarsa. Bara ya tafi Tunis aka yi masa aiki, aka rage masa ciki. Tun daga nan bai tako ƙauyen ba, sai gaisuwa ta waya. Shi ya ce harkoki ne suka riƙe shi. Ni kuwa na ce tsoron ƙwaryar tsohuwar nan ne, kuma ban ga laifinsa ba.

Da ta ji zai zo, sai ta ba shi saƙo: ya biya kasuwar Belbeji ya sawo mata sukari da madarar gwangwani.

"Matata nake nema," in ji Hamza. "Wata tsohuwa mai haƙori biyu. An ce nan take, in dai ba ta sake aure ba."

"Uku ne, maƙaryaci. Kuma mijina ba haka yake ba. Mijina in zai shigo ƙofar nan sai ya karkace, in ya zauna tabarma ta ɓace. Kai kuwa in hadari ya taso sai an ɗaure ka a turke."

"To ni ne. Sabon ango aka kawo miki, ko guɗa ba ki yi ba."

"Guɗar me? Na ba da aron bijimi an maido mini da ɗan akuya. Juya in gani. La'ilaha illallahu! Ina wuyan? Ina kumatun? Kai, ashe haka kake da kunnuwa fato-fato?"

"Da ma suna nan, kumatu ne suka ɓoye su."

"Ai gara da suka ɓoye su. Zauna, kar ka karye mini a tsakar gida. Ina saƙona?"

Hamza ya zauna, ya kwance jaka. Ya fiddo cuku, busasshen nonon nan na makiyaya, fari tas, sabon yi. Ya fiddo ƙwan zabi da aka jera cikin dusa, sannan ƙullin wake. Inna Lantana ta leƙa jakar, ta zura hannu har gindi, ta zazzage ta.

"Ina sukarin?"

"Ya ƙare."

"Sukari ya ƙare a Belbeji? Ranar kasuwa?"

"Makiyaya sun shanye shi a shayi. Ko ƙwaya ba su bari ba."

"Madarar fa?"

"Shanun gwangwani ba su haihu bana ba."

"Ka ji ɗan banza! An aike ka sayen daɗi ka sawo mini wahala. Cukun nan da wane haƙori zan ci shi?"

"Da ukun nan da kike alfahari da su. Jiƙa shi za mu yi a ruwan zafi mu ci tare. Ai yanzu ni da ke tafiyarmu ɗaya, Inna: abinci mai laushi, ɗan kaɗan, a daɗe ana taunawa. Ba a taɓa yin miji da mata da suka dace kamarmu ba."

"Allah ya kiyaye. Ni tsufa ya kai ni, kai kuwa da ƙafarka ka tafi ka ce a yanka ka." Ta matso, ta sa yatsa ta tsokani cikinsa. "Tsaya ma tukuna. Wanda suka yanke ɗin, ina yake?"

"Wane?"

"Sauran cikin mana. Ina suka kai shi?"

"Sun zubar, Inna. Me za a yi da shi?"

"Sun zubar? Da izinin wa? Cikin nan nawa ne! Ni na gina shi. Gerona ne, nonon shanuna ne, hannun nan ne ya dama. Tun kana rarrafe nake aikinsa, rana ɗaya wasu waɗanda ko gaishe ni ba su taɓa yi ba su sa wuƙa su kwashe? Ka koma ka karɓo mini kayana."

"Na tambaya. Sun ce sai mai kaya ta zo da kanta, da katinta na ɗan ƙasa."

"Zan je kuwa. Ina ne Tunis ɗin, gaba da Agadas?"

"Kaɗan. In kika hau jaki bayan azahar, la'asar a can."

Ta harare shi, ta miƙe ta shige ɗaki. Hamza ya san abin da za ta ɗauko, don tun shigowarsa yake jin ƙamshin. Damina ce, shanu sun ƙoshi, nono ya yi kauri. Sai ga ta rungume da ƙwaryar nan babba, ta dire a gabansa, ta ɗage faifai. Fura ce damun asuba, ta sha sukarin da ya rage a gida, man shanu na yawo a kai. Wanda ya taɓa shan furar Lantana ya san ba a yi mata gardama. Hamza ya haɗiyi yawu, ya kau da kai.

"Bismillah, maigida," in ji ta.

"Na ƙoshi."

"Me ka ci?"

"Dafaffen ƙwai, a hanya."

"Ƙwai abinci ne? Wannan ai na yaye ne. To me lokotoron naka, likitan yankan cikin, ya ce ka dinga ci, iska?"

"Ya ce in fara da abin da ke riƙe jiki: ƙwai, nama mai laushi, wake, nono wanda ba a sa wa komai ba. Ganye ya biyo. Tuwo sai ƙarshe, in akwai wuri. Duka kar ya wuce cikin tafin hannu, amma sau da yawa a yini."

"Sau da yawa kaɗan-kaɗan. Kaza ke nan."

"Kuma ba na kora ruwa kan abinci sai an jima."

"Ashe kaza ta fi ka, ita tana korawa."

"Ga ƙwayar bitamin kullum, har ƙarshen rai. Da safe kuma in yi tafiyar ƙasa."

"Mai mota yana yawo a ƙasa? Mutanen Tanut ba su ce ka karye ba?"

"Sun ce. Da suka ga na tsere musu wajen kamo raƙumi a kara, suka yi shiru."

"Ƙarya kake. Kai da ko akuya sai an riƙe maka." Ta tura ƙwaryar gaba kaɗan. "Saurara, ni na san maganin abin nan. Salka in ta bushe ta ƙanƙance, ba jefar da ita ake ba. Ruwa ake zuba mata yau kaɗan, gobe a ƙara, har ta saki. Ludayi ɗaya yau, gobe biyu. Kafin a yanke gero ka dawo mutum."

Hamza ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. "Inna, wallahi kamar kina wurin. Abin da lokotoro ya ce in guda ke nan. Ya ce cikin yana iya sakewa. Ya ce ba tuwo ne zai mayar da ni ba, abin sha ne mai zaƙi, shi da ke wucewa sulul ba ka ji ka ƙoshi ba. Fura da sukari, shayi da sukari, lemon kwalba. Da haka ake komawa, ludayi-ludayi."

"To ai ya san aikinsa. Sha."

"In na sha wannan yanzu zufa za ta karyo mini, jiri ya kwashe ni, ki ce aljanu."

"Sai in yi maka turare. Sha."

"Kuma in na sha yau, gobe zan nema. Cikin suka yanke, Inna, ba su yanke kwaɗayin ba. Yana nan yadda kika raine shi."

"Ba a taɓa maido mini da ƙwarya a cike a gidan nan ba, Hamza."

Ba ta cika kiran sunansa ba, sai dai maigida ko ɗan banza. Ya ɗago ya dube ta. Ta cika ludayin ta miƙo, furar na ɗiga a tabarma. Ba fuskarsa take kallo ba, ƙasusuwan wuyansa take kallo, waɗanda suka fito ta wuyan riga.

"Haka Garba ya fara," in ji ta a hankali. "Nan wurin ya fara faɗawa. Ina dama masa yana cewa ya ƙoshi. Kullum ya ƙoshi. Har ranar da na ɗaga shi da hannu ɗaya na gyara masa shimfiɗa."

Garba ɗanta ne, mahaifin Hamza. Ciwo ya cinye shi a wannan ɗakin, ita ta yi jinyarsa. Tun daga ranar, a wurin Lantana rama ba ta da wani suna sai mutuwa, kuma duk ludayin da ta ɗura wa yaron nan, da mutuwa take faɗa. Tausayinta ya kama Hamza har ya ji kamar ya karɓa ya shanye, kome zai faru ya faru. Ya sa hannu biyu ya riƙe nata hannun da ludayin, ya mayar da shi cikin ƙwarya.

"Baba ciwo ne ya ramar da shi, Inna. Ni ciwo na gudo wa. Kin san shekarun nan a kan kujera nake salla? Goshina bai taɓa ƙasa ba sai bana. Sugan ya sauka. Ina barci ba na shaƙewa."

Ta ja bakin zane ta goge hanci.

"Kuma in gaya miki gaskiya," ya ce, ya gyara murya, "don ke na yi."

"Don ni? Ni na aike ka?"

"Na zauna na yi tunani. Na ce tsohuwar nan ta kusa. Yau ko gobe za a kira ni a ce ta cika."

"Bakinka ya sari dutse! Ta Allah ba taka ba."

"To ranar, wa zai shiga rami ya karɓe ki? Ni ne namijin da ya rage miki. Da jikin da, in na shiga, ke kina ciki ni ina ciki, sai an ɗauko kamiyo, babbar motar kaya, daga Tanut ya fiddo ni. Liman na jira, jama'a na dariya, ke kuma kina can kina zagina." Ya sassauta murya. "Kin binne ɗanki, Inna. Ba na son ki binne ni. Ni nake son in saukar da ke da hannuna."

Inna Lantana ta kafe shi da ido. Hawaye suka zubo, sai kuma kafaɗunta suka fara girgiza, dariya ta ƙwace mata har haƙoran nan uku suka bayyana. Ta kai masa duka a kafaɗa da faifai.

"Amma kai mugun miji ne! Wasu na zuwa ƙasar waje su sawo wa matansu zinariya, kai ka je ka shiryo jana'izata."

"Ai ita ma hidima ce."

"Allah ya isa tsakanina da kai." Ta jawo ƙwaryar gabanta, ta kai ludayi baki ta kurɓa. "Furar nan ta fi ƙarfinka da ma. Ta manya ce."

Ta miƙe da kyar ta koma ɗaki. Aka ji tana ta ƙwaramniya cikin kwanuka. Da ta fito, ɗan ƙoƙo ne a hannunta, bai fi tafin hannu ba, da farin nono a ciki, ba gero ba sukari. Ta ajiye masa.

"Ungo. Na ba ka har ƙoƙon. Daga yau shi ne ƙwaryarka a gidan nan, kuma duk wanda na gani ya miƙo maka shayi mai sukari, da muciya zan raka shi."

"Na gode, amarya."

"Riƙe godiyarka. Ka sani ban shirya tafiya ba, sai na ga 'ya'yan 'ya'yanka. Za ka daɗe kana jira." Ta nuna shi da ludayi daga sama har ƙasa. "Saboda haka ka riƙe mini jikin nan yadda yake har ranar, kar ka ƙara ko tsoka ɗaya. Ni ramina ba mai faɗi ba ne."

Hamza ya ɗauki ƙoƙon da hannu biyu, ya yi bismillah, ya kurɓa a hankali.